Yadda Ake Gyaran Talabijin Filasma a Gida

Kafin ka ɗauko sukundireba, ka fara tabbatar da cewa abin da ke gabanka filasma ce ta gaske. Mutane da yawa sun saba kiran duk wata talabijin mai faffaɗar fuska da wannan suna, alhali yawancin waɗanda ke hannun jama'a yanzu LCD ne ko LED, kuma cikinsu bai yi kama da na filasma ba ko kaɗan. Filasma tana da nauyi sosai, fuskarta gilashi ne mai tauri, bayanta galibi ƙarfe ne mai ramukan shan iska da yawa, in ta jima a kunne kuma za ka ji ɗumi na tashi daga samanta. Mafi yawansu inci 42 ne zuwa sama. Duba takardar da ke manne a baya: a lambar samfurin Samsung za ka ga PN ko PS a farko, a ta LG harafin P na biyo bayan girman fuskar, kamar 42PQ ko 50PK, a ta Panasonic kuma za ka ga TH mai harafin P a gaba, TX-P ko TC-P.

Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera filasma zuwa ƙarshen shekarar 2014, Pioneer kuwa ta riga su fita. Ke nan duk wadda ke ɗakinka ta haura shekara goma, kuma kayan gyaranta yawanci daga jikin wata tsohuwa aka ciro su. Shi ya sa nake dagewa a kan abu guda: ka auna kafin ka saya. Na sha ganin wanda ya sayi bod, wato allon kayan wuta na ciki, biyu ko uku bisa zato, daga baya a gano kafasita ɗaya ce, wato ɗan abin da ke tara wuta, ta kumbura. Muddin gilashin lafiyarsa ƙalau, kusan duk abin da ke bayansa ana iya gyara shi ko a canza shi, kuma hoton filasma mai kyau ya cancanci wannan wahalar.

Abin da za ka tarar a ciki

Fuskar filasma gilashi biyu ne da aka haɗa, a tsakaninsu akwai ƙananan ɗakuna cike da iskar niyon da zenon. A fuska mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ɗakunan sun haura miliyan shida, domin kowane ɗigo yana da uku: ja, kore da shuɗi. In aka bugi iskar da wuta mai ƙarfi sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya daki sinadarin da aka shafe ɗakin da shi, launi ya bayyana. Kowane ɗigo da kansa yake haske. Babu fitilar baya irin ta LED, don haka dabarar haska tocila a fuska a nemi hoto a ɓoye ba ta aiki a nan.

In ka buɗe murfin baya za ka ga alluna masu ɗauke da kayan wuta, waɗanda masu gyara ke kira bod. A tsakiya, inda wayar soket ta shiga, akwai bod ɗin wuta, mai manyan kafasitoci da taransifoma. Wanda ke ɗauke da ramukan HDMI da na eriya shi ne babban bod, mai sarrafa hoto da sauti. Akwai wani ƙarami, galibi a tsakiya daga ƙasa, mai rarraba hoton ga sauran. Ana rubuta LOGIC ko CTRL a jikinsa. A hagu, in kana kallo daga baya, akwai wani babba mai ƙarafan shan zafi da aka rubuta Y-SUS ko Y-MAIN, tare da dogayen siraran bod ɗaya ko biyu a gefensa, waɗanda ake kira bofa. A dama akwai abokin aikinsa, X-MAIN a Samsung, Z-SUS a LG, wanda zan riƙa kira X a nan gaba. Can ƙasa kuma, a jere, akwai bofofin da ke kula da layukan tsaye. Panasonic na da nata sunayen: P na wuta, A babban bod, SC a madadin Y-SUS, SS a madadin X, sai SU da SD su ne bofa ta sama da ta ƙasa.

Ka nemi wata 'yar takarda manne a jikin ƙarfen gilashin, mai ɗauke da Vs da Va da wasu lambobi. Ita ce ke gaya maka ainihin ƙarfin wutar da wannan gilashin yake bukata. Vs yakan kasance tsakanin bolt 170 da 210, Va kuma tsakanin 50 da 70, amma lambar da ke kan takardarka ita ce abin bi. Ɗauki hotonta tun yanzu.

Wutar da ke zaune a ciki bayan an zare fulogi

Wannan sashen ka karanta shi da natsuwa, don shi ne ya shafi ranka. Babbar kafasitar da ke bod ɗin wuta tana riƙe kusan bolt 400 lokacin aiki, kuma tana iya ci gaba da riƙe kaso mai yawa na wannan wutar bayan an zare fulogi. Kafasitocin da ke kan layin Vs su ma suna riƙe kusan 200. Ko wanne daga cikinsu ya isa ya jefar da mutum, ya ƙona shi, ko ya taɓa zuciyarsa. Wasu ƙarafan shan zafi ma ɗauke suke da wuta, saboda haka kada ka dafa su don neman madogara.

Ka zare fulogi, ka jira aƙalla minti goma sha biyar kafin ka taɓa komai a ciki. Jiran kaɗai bai wadatar ba. Sa mitarka ta auna wuta a ma'aunin DC mafi girma, ka auna tsakanin ƙafafun babbar kafasitar. In har akwai sauran wuta, ka sauke ta da rizista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai om 10,000 da wat 10, wadda ka liƙa wa wayoyi biyu masu rufi mai kauri. Riƙe ta a ƙafafun kamar daƙiƙa talatin, sannan ka sake aunawa har sai ka ga ƙasa da bolt 10. Haka za ka yi wa layin Vs. Kada ka haɗa ƙafafun da bakin sukundireba. Tartsatsin na iya fasa kafasitar, ya cinye layin tagullar bod, ya watso maka narkakken ƙarfe a ido.

Duk lokacin da ka kunna don gwaji sannan ka kashe, wutar ta sake taruwa, sai ka sake sauke ta. Cire zobe da agogo. Tsaya a busasshen wuri da takalmi mai ƙasan roba. In za ka auna da wuta a kunne, ka maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙarfen talabijin tun kafin ka sa fulogi, ka yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana bayanka. Ka sa wani babba ya zauna kusa, wanda ya san inda fulogin yake, yara kuma a fitar da su. Wanda bai taɓa riƙe mita ba, ko mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ya tsaya a mataki na farko da na biyu, ya bar sauran ga mai gyara.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai iya auna DC har bolt 600, sukundireba mai bakin kuros da mariƙin roba, ƙarfen liƙi mai wat 60 da dalma, abin zuƙe dalma, rizistar nan, buroshi mai laushi, tocila, da wayarka don ɗaukar hoto.

Mataki na 1: gama da waje tukuna

Jona wani abu a soket ɗin ka ga ko akwai wuta. Canza wayar wutar in mai cirewa ce. Nuna kan rimot ga kyamarar waya ka danna maɓalli. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa in rimot ɗin na aiki. Gwada maɓallin jikin talabijin. Zare duk abin da ke jone da ita, na HDMI da na USB da eriya, domin na'urar da ta lalace a waje tana iya hana ta tashi. Sannan ka zare fulogi, ka danne maɓallin kunnawa na jikinta na rabin minti, ka mayar ka gwada.

Mataki na 2: saurari abin da take gaya maka

Kunna ta ka tsaya ka lura, ka kuma rubuta. Ƙaramar fitilar gaba ta kama ko ba ta kama ba? Ka ji ƙarar ƙas daga ciki sau ɗaya, ko tana ta maimaitawa? Akwai sauti? Kashe fitilar ɗaki ka dubi fuskar: akwai wani dishi-dishin haske, ko baƙa ce ƙirin kamar a kashe? In fitilar gaba na ƙiftawa, ƙirga sau nawa take yi kafin ta ɗan tsaya ta sake farawa.

Ƙirgar nan tana da amfani ƙwarai a Panasonic, domin da ita talabijin ɗin ke nuna inda ciwon yake. A samfura da yawa, ƙiftawa huɗu na nuni ga bod ɗin wuta, shida ga SC, bakwai ga SC tare da SU da SD, takwas ga SS. Ma'anar na ɗan sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka ka nemi littafin gyara na samfurinka a intanet da lambar da ke baya, ka gwada ƙirgarka da abin da ke ciki.

Mataki na 3: buɗewa

Filasma ba ta son kwanciya. Gilashinta faffaɗa ne mai nauyi, in aka kwantar da ita babu tallafi a tsakiya yana iya tsagewa, in ya tsage kuwa iskar ciki ta fita, babu sauran gyara. In murfin zai fita tana tsaye a kan ƙafarta, bar ta a tsaye, ka tokare ta kada ta rinjaya. In dole sai an cire ƙafar, ku biyu ku kwantar da ita a hankali rub da ciki a kan shimfiɗaɗɗen tebur mai bargo mai kauri, kada kowa ya jingina a bayanta.

Notunan suna da yawa kuma tsawonsu ya bambanta. Jera su yadda ka cire su, domin dogon noti a gurbin gajere yana iya kaiwa ga bod ko gilashi. Gefen murfin ƙarfen yana da kaifi. Da ka buɗe, kafin ka zare ko waya ɗaya, ɗauki hoton kowane bod da kowace mahaɗa. Sai ka auna, ka sauke wuta kamar yadda aka bayyana.

Mataki na 4: ido da hanci

Share ƙura da buroshi, musamman a fanka in akwai da kuma ramukan iska. Ƙura na riƙe zafi, zafi kuwa shi ne babban abin da ke kashe kayan filasma. Bi kowane bod da tocila. Saman lafiyayyar kafasita a shafe yake. In ka ga ya tasa kamar tulluwa, ko wani abu mai ruwan ƙasa ya tsattsafo ta sama ko ta ƙasa, ta mutu. Nemi wurin da ya yi baƙi, tiransistar da ta fashe, da warin ƙuna. A kan bofofi, dubi ƙananan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu da yawa. Ɗan rami ko ƙuraje a bayan ɗaya daga cikinsu alama ce ta ƙonewa. Juya bod ɗin wuta ka duba liƙin ƙafafun taransifoma da na manyan kaya. Siririn zobe mai kama da tsaga kewaye da ƙafa yana nufin liƙin ya saki saboda shekarun zafi da sanyi, kuma shi ne yakan sa talabijin ta yi aiki yau ta ƙi gobe. Sabunta liƙin da dalma ya wadatar.

Mataki na 5: in ta mutu murus, ko fitilar gaba babu

Fara da fiyus ɗin da ke kusa da mashigar wuta. Sa mita a ma'aunin da ke yin ƙara in hanyar wuta a haɗe take, ka taɓa kansa biyu. In bai yi ƙara ba ya tsinke. Amma fiyus ba ya tsinkewa haka kawai, sau da yawa wani abu ne a gaba ya yi shot, wato ya lalace wuta na ratsa shi kai tsaye. Auna dayod ɗin nan mai ƙafa huɗu da ke mayar da wutar soket zuwa DC, da manyan tiransistocin da ke jikin ƙarfen shan zafi na kusa da ita. Duk inda mita ta nuna kusan sifili ta kowane ɓangare, nan ne. In ka sa sabon fiyus ba ka cire mai laifin ba, nan take zai sake tsinkewa. Sabon ya zama daidai da lambar da ke rubuce a jikin tsohon ko a kan bod. Kada ka ɗaura waya a madadinsa ko da na gwajin minti ɗaya ne, don da haka gobara ke tashi.

In fiyus lafiya yake, sai a nemi wutar jira. A mahaɗar da ke tafiya daga bod ɗin wuta zuwa babban bod, akwai ƙafar da aka rubuta STBY ko 5VSB a gefenta. Da fulogi a jone, ya kamata ka samu kusan bolt 5 a nan ko da ba a kunna ba. Ka lura da farin layin da aka ja a kan bod ɗin wuta: ya raba ɓangaren da ke haɗe kai tsaye da soket da ɓangaren da ke ba sauran bod wuta. Duk awon da za ka yi da wuta a kunne a ɓangare na biyu yake. In babu bolt 5, kashe, ka zare wayar babban bod, ka sake aunawa a bakin bod ɗin wuta. In ta dawo, babban bod ne ke janye ta. In har yanzu babu, laifin na bod ɗin wuta ne.

Mataki na 6: in tana ƙas-ƙas, ko ta tashi ta mutu

Wannan ita ce matsalar da aka fi kawowa, kuma tana da tushe biyu. Ƙarar da kake ji ta rile ce, wani makunni da ke sakin babbar wuta. Talabijin ɗin na ƙoƙarin tashi, sai ta ga wani layin wuta bai kai yadda ya kamata ba, ta kashe kanta don kare sauran kaya. Ko dai bod ɗin wuta ne ya gaza bayarwa saboda kafasitocinsa sun gaji, ko kuma wani bod a gaba ya yi shot yana janye wutar ƙasa.

Tarihin ciwon yakan raba maka su. In ta daɗe tana jinkirin tashi, da farko ƙas biyu, bayan wata guda ƙas goma, daga baya ta ƙi gaba ɗaya, to kafasitoci ne kusan ko yaushe. In kuwa ana cikin kallo aka ji fat, hoto ya ɗauke, to ka zargi Y-SUS ko X.

Don tabbatarwa, kashe, sauke wuta, ka zare wayar da ke kai Vs zuwa bod ɗin X, ka kunna. In ƙarar ta tsaya, sauti ya zo, ka kama mai laifi. In ba ta tsaya ba, kashe, sauke wuta, mayar da ita, ka yi haka da wayar Y-SUS. Kada ka zare ko ka mayar da waya da wuta a jiki. A Panasonic ka bi tsarin zarewa da littafin gyaranta ya tsara, domin wasu wayoyin in aka zare su sai ta ba da wata ƙirgar daban ta ruɗa ka.

Akwai gwajin da ba ya bukatar kunnawa, kuma na fi son farawa da shi. Bayan an sauke wuta an zare wayar, auna tsakanin ƙafar Vs ta bod ɗin da jikin ƙarfe a ma'aunin om. Lafiyayyen bod zai nuna lamba tana hawa yayin da kafasitoci ke cika. Wanda ya yi shot zai tsaya a kusa da sifili. Daga nan ka bi manyan tiransistocin da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, da ƙananan fiyus in yana da su.

Mataki na 7: sauti na fita, hoto babu

Koma ga abin da ka gani a duhu. In akwai dishi-dishin haske a fuskar, Y da X na aiki, hoton ne bai iso ba. Kashe, ka zare wayar da ke tsakanin babban bod da ƙaramin bod mai rarrabawa, ka mayar da ita ta zauna daram. A yawancin samfura ƙaramin bod ɗin yana da 'yar fitila mai ƙiftawa in yana raye. In ba ta kama ba alhali wutarsa na isowa, shi ne ya mutu.

In fuskar baƙa ce ƙirin, auna Vs da Va a bakin bod ɗin wuta, ka gwada da takardar gilashi. Sa ido a kan mita tun daga lokacin da ka danna maɓalli, domin wani lokaci wutar takan hau ta faɗo cikin daƙiƙa biyu, wanda ke nuna ana janye ta ne daga gaba. In duka biyun sun zauna daidai amma babu haske, Y-SUS ne ya fi zama abin zargi.

Mataki na 8: layuka da ɗige-ɗige

Alkiblar layi na nuna tushensa. Layukan kwance, ko rabin fuska na sama ko na ƙasa ya yi duhu, daga bofofin gefen Y-SUS suke. Layukan tsaye daga bofofin ƙasa suke, ko daga bod mai rarrabawa. In faffaɗan shafi ne a tsaye ya yi baƙi ko ya rikice, buɗe maƙallin faffaɗar wayar da ke daidai wurin, ka goge bakinta a hankali, ka mayar da ita a miƙe, duka gefen biyu sun shige daidai. Sau da yawa wannan kaɗai ke kawar da shi.

Siririn layi guda a tsaye, mai kaurin zare, wanda ba ya motsi kome ka taɓa, labarinsa daban ne. Yawanci daga wayoyin da aka manne a jikin gilashin tun daga masana'anta yake, kuma ba a iya sake manna su da kayan gida. Ka riƙa kula da waɗannan wayoyin duk lokacin da hannunka ke kusa da su, don in ɗaya ta yage gilashin ya tashi aiki.

Jajayen ɗige-ɗige masu walƙiya a wuraren duhu na hoto kan nuna cewa wutar da ke isa gilashi ta kauce daga abin da takarda ta ce, ko Y-SUS ya fara gajiya.

Mataki na 9: canza kafasita

Karanta lambobi biyu a jikin tsohuwar, misali 1000µF da 25V. Ta farko ta zama daidai. Ta biyu ta zama daidai ko sama, kada ta yi ƙasa. Zaɓi mai jure zafin digiri 105, irin wadda aka yi don bod ɗin wuta, ka kuma duba tsawo da kauri don murfi ya rufu. In guda biyu sun kumbura a cikin jerin guda shida iri ɗaya, canza duka shidan, domin tare suka sha zafin, kuma kafasita na iya mutuwa ba tare da ta kumbura ba.

Farin ratsin da ke gefenta yana nuna ƙafar negatib. Yi alama a bod kafin ka cire, don in ka sa ta a juye za ta fashe. Dalmar masana'anta a kayan da aka yi daga 2006 zuwa sama galibi marar gubar dalma ce, tana da wuyar narkewa. Ɗora sabuwar dalma kaɗan a kanta sai ta saki da sauri. Zuƙe ta, zare kafasitar ba tare da fizga ba, sa sabuwar ta zauna a jikin bod, liƙa, yanke ragowar ƙafa. Liƙi mai kyau yana kewaye ƙafar sumul, bai taɓa na kusa da shi ba.

Mataki na 10: canza bod

Lambar samfurin talabijin ba ta isa wajen sayen bod ba, domin samfuri ɗaya kan zo da gilashi iri biyu ko uku. Lambar da ke kan farar takardar jikin bod ɗin ita za ka bi harafi da harafi. Na Samsung kan fara da LJ92 ko BN44, na LG da EBR ko EAY, na Panasonic da TNPA.

Ga kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane: Y-SUS ya ƙone, a sayo wani a ɗaura a kan tsofaffin bofofi, a kunna, sabon ya ƙone cikin daƙiƙa. Bofar da ta yi shot ita ce ta kashe na farko, kuma za ta kashe duk wanda aka haɗa ta da shi. Don haka ka auna bofofin kafin nan. A ma'aunin dayod, sa waya ɗaya a layin da bofar ke haɗuwa da Y-SUS, ka bi ƙafafun da ke fita zuwa gilashi da ɗayar. Ya kamata lambobin su yi kusa da juna; ƙafar da ta nuna sifili ta fallasa bofar. In kana da shakka, canza Y-SUS da bofofinsa tare a matsayin saiti ɗaya. A ganina ƙarin kuɗin ya fi sauƙi a kan sayen Y-SUS sau biyu.

Ɗaure duk notunan bod kafin ka kunna, kada ka bar ko ɗaya da sunan gwaji ne kawai. Ta notunan nan Y-SUS da X ke haɗuwa da jikin ƙarfe, in babu su wutar za ta nemi wata hanya ta cikin kayan da ba za su iya ɗaukarta ba. Ka kuma tabbatar kowace faffaɗar waya ta shiga a miƙe, domin karkatacciya kan haɗa ƙafafu biyu.

Bayan canza bod ɗin wuta ko Y-SUS, auna Vs da Va. In sun kauce daga takardar, akwai ƙananan abin murɗawa a kan bod da aka rubuta sunan kowane layi a gefensa. Yi amfani da sukundireba na roba, ka murɗa kaɗan-kaɗan idonka na kan mita, ka tsaya a kan lambar takarda. Kada ka ƙara Vs don neman ƙarin haske, kuma kada ka taɓa abin murɗawar da ba ka san aikinsa ba.

Inuwar hoto da ƙugi

Tambarin tasha ko layin labarai da ya bar inuwa a fuska ba ya bukatar a buɗe komai. Yawancin filasma suna da wani farin shafi mai ratsa fuska a cikin saitinsu, an yi shi don wannan. Bar shi ya yi aiki na awa ɗaya, ko ka sa hoto mai motsi da ya cika fuskar na wasu awoyi. In inuwar ta ragu, ci gaba. In ta yi makonni ba ta canza ba, sinadarin wurin ne ya ci, sai dai a rage ƙarfin haske don kada ta ƙaru. Ɗan ƙugi kuwa, musamman in hoton fari ne, ɗabi'ar filasma ce. In ya yi yawa, duba notunan murfi da na bod, da wayar da ke taɓa murfin.

Rufewa

Gwada hotunan da ka ɗauka da abin da ke gabanka, waya bayan waya. Tabbatar babu noti ko guntun dalma da ya faɗa ciki. Kunna ta murfi a buɗe na minti goma, kana tsaye nesa kaɗan, hannunka kusa da fulogi, kana sauraron ƙara da sansanar wari. In fanka gare ta, ka ga tana juyawa. Sannan ka kashe, ka jira, ka mayar da murfi da dukan notunansa, ka bar ta ta yi awa biyu ko uku a kunne da hoto mai haske sosai, domin liƙin da bai kama ba da kafasitar da ta rage a baya sai sun ɗauki zafi suke nuna kansu. Wajen mayar da ita mazauninta, bar tazarar kamar santimita goma tsakanin bayanta da bango, kada kuma a ɗora komai a kan ramukan iskar da ke samanta.